Kwikwiyon Ƙarƙashin Rumbu

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ɗan abin da na sani, wahala ce ta koya min rabi, Iya ta koya min rabi.

Iya uwar ubana ce, a hannunta na tashi bayan rasuwar uwata. In an gama girbi, takan hura wutar kara a tsakar gida bayan isha, ta zube gyaɗa a faifai, jikoki mu kewaye ta muna ɓara. Rabi a ƙwarya, rabi a ciki. Hayaƙi yana sa mu hawaye, amma ba mai matsawa.

"Ga ta nan ta iso," in ji ta, "wa zai ba ta tabarma?"

"Ta zauna mu ji ta!"

"Kai maigidana, fitar da hannunka daga ƙwaryar nan. Mijin banza, ba cefane sai ci."

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan yi mana. Wai wani maharbi karyarsa ta haihu, cikin 'ya'yan akwai ɗaya matsoraci. Ko kaza ta yi fiffike sai ya shige ƙarƙashin rumbu. Maharbi ya yanke masa kunne, ya ɗura masa magani da barkono don ya yi zuciya, ya ja shi da igiya zuwa daji. Kwikwiyo ya saki fitsari, ya tsinke igiya, ya koma rumbu. Maharbi ya ce gobe zai jefa shi tsohuwar rijiya.

Sai wata tsohuwa mai kaɗi ta ce a bar mata shi. Ba ta kira shi ba, ba ta leƙa shi ba. Ta shimfiɗa tabarma gefen rumbu, ta juya masa baya, tana kaɗinta tana jefa ƙanzo ta bayanta. Yau ya fito da hanci, gobe da ƙafa, har ran nan ta ji ɗumi a bayanta. Daga nan ta riƙa jan tabarmar, zuwa ƙofar ɗaki, zuwa zaure, zuwa bakin kasuwa. Ya girma ya zama kare na gaske. Wata safiya maharba suka zo wucewa suna busa ƙaho, ya ɗaga kai, ya bi su.

"Iya, ya dawo?"

"Tatsuniya ba ta faɗa ba. Ta naɗe tabarmarta, ku ma ku tashi."

Iya ta rasu ina Legas ina dako. Ban samu jana'iza ba.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai na faɗo Doha, direban wani Bature mai aikin gas. Kwana kuma a unguwar Najma, ɗaki ɗaya da wasu 'yan Arewa, gado bisa gado. Wata rana matar gidan, Madam, ta kawo ɗan kwikwiyo da aka tsinto a wajen gini, launin ƙasa, haƙarƙari a waje. Ta sa masa suna Biskit. Ba ya haushi, ba ya wasa, kullum yana bayan injin wanki. In an miƙa hannu sai ya ciji iska. Maigidan ya ce shi ba zai zauna da kare mai cizo ba ga yara a gida. In bai gyaru ba, likita zai yi masa allurar da ba a tashi.

Ashe a garin nan har karnuka makaranta gare su. Wani gida ne, ranar Asabar da sassafe, ake tara 'yan kwikwiyo a tsakar gida su saba da juna, su saba da mutane. Na kowa yana tsalle, namu yana ƙarƙashin kujera yana rawar jiki.

Na ce da ɗan Turancina, "Madam, a garinmu kunne ake yanke masa."

Ta dube ni kamar na ce a yanka ɗanta. Kunya ta sa ta daina zuwa, ta ce ni in riƙa kai shi.

Na ga ɓata lokaci ake. Na kama igiya na jawo shi tsakiyar fili, yana turjewa, yana fitsari. Malamar makarantar ta daka min tsawa.

"Sake shi! Zauna a ƙasa. Kar ka kalle shi. Ba shi baya, ka jefa naman nan ta bayanka."

Na zauna. Sai na ji ƙamshin hayaƙin kara a hancina, a tsakiyar Doha.

Haka na riƙa yi, a makaranta da gida. In na ajiye yara sai in zauna gefen injin wanki in juya baya, ina jan carbi, ina jefa masa busasshen nama. Da dare in koma Najma in sha baƙar magana. Ɗanlami, wani mai gadi ɗan Kano da ke gadon samana, shi ne kan gaba.

"Ga sarkin karnuka nan! Malam, sau bakwai za ka wanke hannun nan kafin ka taɓa mana kwano."

"Na wanke."

"Mutane na zuwa ƙasar Larabawa su koma da Larabci, kai za ka koma da haushi."

Na ci gaba da zamana gefen injin wanki. Ran da na ji ɗan hanci mai sanyi ya taɓa gwiwar hannuna, ban motsa ba, numfashi ma da dabara na yi. Bayan nan ya soma shinshinar sauran karnuka. Ya bar malamar ta shafa shi. Ya karɓi nama a hannun baƙo. Ya yi haushinsa na farko, ya tsorata da muryar kansa, har na yi dariya. Na manta rabon da in yi. Maigida ya daina maganar likita.

Sai aikin maigidan ya ƙare, za su koma ƙasarsu. Suka ce tafiya da kare wahala ce. Madam ta tambaye ni ko zan riƙe shi. A ina? Kan gadon Ɗanlami?

Wani mutum ya zo da babbar mota, wai yana da gona can arewacin ƙasar, shi za a ba karen. Biskit bai taɓa ganinsa ba. Na tsaya bakin ƙofa ina jira ya ɓuya a bayan ƙafata, in samu abin faɗa. Mutumin ya durƙusa ya miƙa hannu ya ce da Larabci, "Yalla," wato taho. Biskit ya kaɗa wutsiya, ya lashe masa yatsu, ya yi tsalle ya shige mota. Bai waiwayo ba. Ni na koya masa cewa hannun baƙo ba abin tsoro ba ne, kuma ya koya sarai.

Muna yara mun ɗauka labarin kare Iya ke ba mu, shi ya sa kullum shi muke tambaya. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda tsohuwar ta kwana. In ka ƙi aikin, a jefa shi rijiya. In ka iya aikin, a tafi a bar ka. Ita ta san haka tun kafin ta shimfiɗa tabarma, ni sai da na yi furfura.

Da na koma ɗaki, Ɗanlami ya buɗe baki zai fara, ya dubi fuskata, ya rufe. Ya turo min kwanon shinkafa.

Na ce, "Ban wanke hannu ba."

Ya ce, "Ci kawai."