Kunnen Liman

Na'urar jin magana ta Baba, ƙanensa na Argungu ne ya sayo masa ita daga Makka, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. 'Yar akwati ce kamar kwalin ashana da ake sawa a aljihun gaba, da siririyar waya, da ɗan toshin roba mai shiga kunne. A bakin toshin akwai wata 'yar ƙofa, ko tsinke da ƙyar yake shiga. Ta nan duk magana ke bi.

Baba shi ne limamin masallacin unguwarmu a Birnin Kebbi tun kafin a haife ni. Liman kuwa dole ya ji bayansa. In ya yi mantuwa a salla, mamu su ce "Subhanallah", ya gyara. Da kunnensa ya yi nauyi, har an fara ƙus-ƙus a canza shi, sai na'urar ta rufe bakin kowa.

Ni na raka shi asibiti a Sakkwato aka daidaita masa ita. Likita ya ce a riƙa goge toshin kullum, kuma kada a zura komai a kunne. Baba ya ce to. To ɗin Baba!

Shi mutum ne mai turare. Kafin kowace salla sai ya tsoma auduga a turare mai maiƙo, ya murza cikin kunne, ya danna toshin a kai. Maiƙo da zaren auduga da abin da kunne ke fitarwa suka haɗu suka zama danƙo a 'yar ƙofar nan. Ji ya fara raguwa. Ya ce batir ne. Aka canza. Ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki. Ya dinga murɗa ƙara har abin yana fito a tsakiyar sahu.

Na durƙusa na ce, "Baba, dauɗar kunne ce ta toshe shi."

Da na sani da na haɗiye kalmar.

"Mi kac ce? Dauɗa? Kunnen da nika wankewa wurin alwala tun ba a haihe ka ba?"

Daga ranar ya hana ni taɓa ta. Wallahi haushi kamar in fashe. Aikin da tsinken tsintsiya zai gama kafin shayi ya huce, amma ina ji ina gani. Na tafi har Argungu na kai ƙara wurin Baba ƙarami. Ya sha dariyarsa, ya cika mini leda da busasshen kifi, ya ce, "Kai dai bar Yaya da turarenai."

Wata La'asar, ina sahun farko, Baba ya gama raka'a ta huɗu, maimakon ya zauna sai ya miƙe. "Subhanallah," in ji ladan. Baba bai ji ba. Sahu duka ya ɗauka. Ni ma na faɗa, da ƙarfi, har muryata ta fashe. Muna zaune, shi kaɗai yana tsaye, ya yi ruku'unsa a natse, ƙamshin turarensa ya cika masallaci. Sai da ya sallame ya waiwayo ya ga fuskokinmu.

Ba wanda ya ce masa ya sauka. Shi da kansa ya kama hannun na'ibi a gaban jama'a ya ce daga yau ya shige gaba.

A zaure ya ciro toshin ya ajiye a tabarma kusa da gwiwata, bai dube ni ba. Na sa tsinke na ƙwaƙulo abin, bai fi ƙwayar gero ba. Na goge, na miƙa masa. Ya mayar a kunne.

Da Magariba muka tsaya kafaɗa da kafaɗa a bayan na'ibi. Bayan sallama Baba ya raɗa mini, "Ya ci madda guda cikin Fatiha. Na jiya sarai da kunnena."