Yadda Baba Ɗanjuma Ya Karɓe Mini Haruffa Uku

Jama'a, wannan ba ƙage ba ne, na rantse da wanda raina ke hannunSa a kaina ya faru, wajen shekarar casa'in da bakwai, lokacin ina aikin kwamfuta a wani ƙaramin ofishin fassara a Jalingo, kusa da unguwar Sintali.

Akwai wani dattijo a ofishin, Baba Ɗanjuma, mutumin Kona, wanda ya shekara tara yana haɗa ƙamus na Hausa da Fulatanci da yarensu. Manhajar da yake aiki da ita tana ajiye tarihin kowane gyara, wanda ya yi da ranar da aka yi, kuma shi da kansa ya ƙera wa kwamfutar haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɓ da ɗ, don a lokacin ba ta san su ba. Wata rana na buga "kasa" a wurin "ƙasa", sai ya ɗaga takardar gaban kowa ya ce, "Kai ne Bakatsine, amma ni ɗan Kona ni ke koya maka Hausa naka?" Aka yi ta dariya. Na haɗiye, amma ban yafe ba.

Bayan ya rasu aka kawo sabuwar kwamfuta, oga ya ce in kwashe tarihin aikin kakaf daga tsofaffin faifai in zuba a ciki. Kafin ta karɓa sai ta tambaye ni da wane tsarin haruffa za ta karanta, kuma Baba ya bar amsar a rubuce cikin kwalin faifan, na gani da idona. Ni kuwa da gangan na zaɓi wani daban. Nan take duk kalma mai lanƙwasa ta koma akwati-akwati da alamar tambaya, har sunansa, sannan na goge tsofaffin faifan na ce wa oga zafi ne ya lalata su. Allah na tuba, ranar har daɗi na ji.

Kwana uku bayan haka, da rana tsaka, mutane na kai da kawo, na buɗe tarihin sai ga sabon gyara a can ƙarshe, ɗauke da kwanan watan ranar da sunan Ɗanjuma, ɗ ɗinsa tsaf, alhali injin ba shi da wannan harafi. Na buɗe in ga me aka gyara. Ba a taɓa ƙamus ba. Layi ɗaya ne kawai: "Na karɓi nawa."

Na juya in ce wa sakatariyar ofishin aiki ya ɓaci, sai na ji bakina ya ce "baci". Na sake, haka. Na ce ƙofa, ta fito "kofa". Da na koma gida na ɗauki jaririna in ce ɗana, harshena ya ƙi, matata ta zuba mini ido ta ce, "Malam, lafiya? Wa kake kwaikwaya?" Likita ya duba bai ga komai ba, rubutu kuwa na sha har na gaji.

Daga ƙarshe na tafi Kona wurin matar marigayin na faɗa mata gaskiya. Ba ta zage ni ba. Ta shiga ɗaki ta jawo buhu biyu na takardun da ya rubuta da hannu, ta ce, "Littafi nan shi ne yaro na shi. Ka kashe, sai ka tayar."

Shekara biyu ina bugawa, ina mai da sunansa kan kowane gyara. Ɗ ta dawo bakina, daga baya ɓ ta biyo. Ƙ kuwa har yau shiru, a rubuce kawai nake iya ta, kuma na duba buhunan nan shafi-shafi ban gano abin da na tsallake ba.

Don haka in aikin mamaci ya faɗo hannunku, ku bi shi a hankali. Ba duka mamata ne suka gama duba aikinsu ba.