Ajiyar da Na Rufa wa Awaki

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ranar da wani dattijo ya zo gidanmu a Ƙofar Ran karɓar ajiyarsa, wannan kam ba za ta bar raina ba har in koma ga Allah.

Tun ina ƙarami akwai wani babban zane a ɗakin mahaifinmu, jingine a bayan durowa, an lulluɓe shi da tsohon zanin gado. Hoton yaƙi ne a teku, an yi shi da fentin mai a kan yadi mai kauri. Jiragen ruwa irin na dā, na katako, masu manyan ƙyallayen da iska ke turawa, sun yi cirko-cirko suna ɓarin wuta da igwa. Hayaƙi ya turnuƙe sama, jirgi ɗaya ya kama da wuta, ga mutane ƙanana-ƙanana suna iyo. Baba bai taɓa rataye shi ba, bai kuma yarda mu taɓa shi ba. Ni kuwa ban taɓa tambayar dalili ba.

Da Baba ya rasu, ni ne babba, hidimar gida ta dawo kaina. Damina ta kankama, rufin ɗakin awaki yana yoyo, har sanyi ya kashe mana 'ya'yan akuya biyu. Sai na tuna da zanen nan, na ce ai fentin mai ba ya shan ruwa. Na ɓalle shi daga katakonsa, na shimfiɗa a kan kwanon rufin, na danne da duwatsu. Inna tana ɗaki tana takaba, ko leƙawa ban yi ba balle in yi shawara. Abin kunyar ma, har daɗi na ji wai na yi dabara.

Bayan damina biyu, wata Asabar da hantsi, keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Wata mata ta shigo riƙe da hannun tsoho. Inna na ganinsa ta miƙe tana salati. Ashe tsohon maƙwabcinmu ne, Kirista daga kudancin jihar nan, wanda ya yi aikin sojan ruwa. Wani rikici ne ya tashe su daga unguwar tun ban yi wayo ba, ya koma ƙauyensu, sai yanzu 'yarsa ta dawo da shi wurinta a unguwar Gwallameji saboda ciwon ido.

Ya yi mana ta'aziyya, ya daɗe yana yabon Baba. Sannan ya juyo wajen da ya ji muryata.

"Ɗana, ina da ajiya wurin mahaifinka. Ranar da muka tashi mota ta cika, na ce ya riƙe mini."

Inna ta ce, "Yana nan bayan durowa. Je ka ɗauko wa babanku."

Na kasa motsi. Shi kuwa bai lura ba, ya ci gaba da magana yana murmushi. Ya ce ɗansa namiji tilo ne ya zana shi lokacin yana karatun zane. Tun yaron yana ƙarami yake ba shi labarin wani yaƙi da aka koya musu a aikin soja, wanda Ingilishi suka gwabza da Faransawa a teku shekara ɗari biyu da wani abu da suka wuce, inda kwamandan da ya yi nasara bai kai ƙarshen ranar da rai ba. Yaron bai taɓa ganin teku ba. A littafi ya ga jiragen, launin ruwan kuwa ubansa ya riƙa tambaya, yana gogewa yana sakewa, har wata uku. Shekara na zagayowa haɗarin mota ya ɗauke shi.

"Idon ya tafi, ba gani zan yi ba," in ji shi. "So nake in shafa kawai, jikokina kuma su ga hannun kawunsu."

Wallahi sai da zuciyata ta raya mini in ce gara ta cinye shi. Na kasa. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya, Inna tana ji.

Na ɗauko tsani na sauko da shi. Rana da ruwa sun gama da shi, fentin ya ɓarɓashe, yadin ya ruɓe. Dattijon ya ɗora tafinsa a kai yana lalube.

"Babban jirgin tsakiya yana nan?"

"Babu, Baba."

"A ƙasa ta dama ya rubuta sunansa."

Wannan gefen ma ya riga ya yage. 'Yarsa ta juya baya tana kuka. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Mahaifinka ya cika amana. Kai kuma ba ka sani ba ne. Naɗe mini shi." Haka ya hau keke rungume da ruɓaɓɓen yadi.

Inna ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Da ta tashi yi, cewa ta yi, "Ina ɗaki fa, taku goma ne tsakaninmu."

Dattijon bai shekara ba ya rasu. Na je jana'izarsa, na tsaya can baya, na kasa haɗa ido da jikokinsa.

Ya yafe mini, na sani, amma yafiyar ba ta dawo masa da komai ba. Tun daga lokacin, duk abin da na ga babba ya adana, ko da tsumma ne, ba na sa masa hannu sai na tambayi wanda ya san labarinsa.