Makara a Kan Ƙanƙara

Autanmu ya daɗe a Turai. Takardunsa ba su kammala ba, in ya fito babu komawa, don haka ya zauna. Shekarar da aka yi babbar gasar wasannin ƙanƙara a ƙasar da yake, ya samu aiki a wurin: su fesa ruwa cikin wata doguwar kwata mai lanƙwasa, ya daskare, su kankare shi har ya yi santsi. Mu a Karofane mata na jan guga har hannu ya yi kanta, shi kuwa ana biyansa ya zubar da ruwa. Na sha yi masa tsiya a kan wannan.

Wata safiya ya turo bidiyo don ya burge Inna. Na kai mata waya tana tsintar wake. Sai ga mutum kwance rigingine a kan ɗan katako, hannuwa manne da jiki, fuska a rufe, ƙafafu a gaba, yana zurarawa cikin kwatar da gudun da ido ba ya bi.

Inna ta ture faifan waken. "Wagga gawa ta! Wa ar rasu?"

Na ce tsere ne, mai rai ne, da son ransa ya kwanta.

"Mai rai ba shi kwanci haka nan. Hwaɗi ma autana shi komo gida, in gane shi tsaye."

Na yi dariya a lokacin, amma ita ba ta sake karɓar wayar ba. Kullum tambayarta ɗaya ce, ko ya taso. Ni kuma haushinsa ya yi ta cina, don ni nake amsawa.

Bayan girbi ta rasu. Da aka ɗauko makara auta ya kira ta bidiyo yana kuka, ya roƙe ni in nuna masa. Ban so ba, dattawa na hararata, amma na ɗaga wayar. Maƙabartarmu a gindin dutse take, kuma ba a jinkiri da gawa; masu ɗauka suka gangara da sauri, kafaɗa na karɓar kafaɗa.

"Yaya, ce musu su rage sauri in gane ta!"

Na bi su da gudu, hannuna a sama, ina jin muryarsa.