Jalo Mai Gasa Mota

Kullum da hantsi, kafin Malam Jalo ya amsa gaisuwar kowa a garejinsa na unguwar Bagadaza a Gombe, sai ya fara gaida ƙarfensa. Zai ɗauko gwangwanin giris, ya shafa nan ya shafa can, ya murza sitiyari sau biyu yana kasa kunne. Sai ya ji babu ƙara sannan zai waiwayo ya tambaye ka kwanan gida, ko da ka kai rabin awa a tsaye.

Ƙarfen nan shi ya ƙera abinsa. Ginshiƙai ne biyu, kowanne da irin ƙarfen da tayar tirela ke juyawa a kai. A cire bodin mota daga kan shasi, a ɗaure gaba da baya, a murza wani tsohon sitiyari da ke gefe, sai ka ga a-kori-kura guda ta kifa, cikinta yana kallon sama. Ya yi shi ne bayan shekara ashirin yana kwanciya ƙarƙashin motoci, tartsatsin walda na faɗa masa a kunne, har bayansa ya ce ya gaji. Ranar da ya fara gwadawa, maƙwabta suka ce Jalo zai fara gasa mota kamar ragon layya. Sunan ya bi shi har yau, shi kuma bai taɓa musawa ba.

Dokarsa ɗaya ce: ba fenti sai an juya. Direbobi kuwa suna tsoron juyin nan, don mota ba ta riƙe sirri idan ta kifa. An ga kwalin sigari ya faɗo daga motar wanda ya rantse wa matarsa ya daina. An ga wayar Bamanga mai jigilar shanu ta faɗo, wayar da ya shekara biyu ba ya magana da ƙaninsa a kanta, don ya zarge shi da sace ta. Bamanga ya ɗauka, ya share ƙurar da hannun riga, ya hau acaɓa ya nufi gidan ƙanin a unguwar Barunde neman gafara.

Ni ma na sha dariyar waɗannan labaran, har ranar da aka zo kaina.

Da na yi ritaya na sayi wata tsohuwar a-kori-kura, ta yi mini shekara shida. Na san ƙasanta ya ci tsatsa, domin da damina ruwa yana taɓa mini ƙafa, amma na shimfiɗa tabarmar roba na ce ban gani ba. Sai surukina Alhaji Sule, mahaifin mijin 'yata Na'ima, ya ce yana son ta don ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Kumo. Mutumin da ko abinci ba na iya ci a gabansa saboda kunya. Na ce masa mota lafiya lau, fenti kawai take so.

Na kai wa Jalo, na ja shi gefe na ce ya shafe ramukan da fila, ƙullin nan na toshe ramin bodi, ya fesa mata shuɗi. Ya tuna mini dokarsa. Na ce ai ni da shi mun wuce haka, na ajiye makulli na yi gaba kafin ya sake magana. A raina na gama da shi.

Bayan kwana huɗu na ɗauko Alhaji Sule, na sha babbar riga, muka taho ganin sabon fenti. Tun daga bakin titi na hango motata a rataye, cikinta a sama, rana tana ratsa ƙasanta ta wuri goma sha wani abu. Jalo yana tsaye yana zura hannu ta wani rami, har gwiwar hannu. Wallahi da akwai lungu kusa da na shige. Alhaji Sule ya zagaya ta a hankali, ya taɓa wani wuri da sandarsa, wurin ya zube. Nan ne fa matan kasuwa za su zauna da buhunansu da goyonsu.

Ya dube ni, ya dubi Jalo, ya tambaya wa ya sa a yi wannan binciken. Jalo ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Alhaji, gareji nawa ne a Gombe? Malam ya wuce su duka ya kawo ta nan, kuma ya san a nan juyawa muke yi."

Alhaji Sule ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce samun suruki mai amana irina sai an tona. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a wurin suna, har Na'ima ta bugo waya tana kukan daɗi. Jalo ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan ya sa sabon ƙarfe, sannan ya yi fentin. Ni kuma, don rashin ta ido, na yi wata uku ina fushi da shi.

Shekara biyar ke nan motar tana zuwa Kumo tana dawowa, ba wanda ƙafarsa ta taɓa zurmawa. Yanzu hasken walda ya rage wa Jalo gani, ƙarshen watan nan zai ajiye guduma.

Malam Jalo, kai ne ka ƙi rufe tsatsar motata, ka rufa mini asiri. Ka fi ni gaskiya, ka kuma fi ni kunya, na daɗe da sanin haka, girman kai ne ya hana ni faɗa. Na gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idanun nan lafiya. Masu gyaran bodi na Gombe, ku je ku auna ƙarfen nan ku ƙera irinsa, ku kuma koyi ce wa manya a'a ba tare da kun tozarta su ba.

Alhaji Sule kuma, na san ana karanta maka jarida bayan la'asar. Yabon nan da kake yi mini shekara biyar, ba nawa ba ne. Fenti kawai na ce a yi.