Injin Ban Ruwan Maikano

Wana Maikano manomin albasa ne a Ƙofa. A kasuwar kara ya yi wayo, inda in mutum ya taya dabba kowa ke ja da baya, sai an ji sallama ko albarka. Da wannan tarbiyya ya shiga zauren gwanjo na waya, inda ake ɗora hoton kaya a yi ta tayi har lokaci ya cika.

Ana tsakar rani injinsa na ban ruwa ya mutu, sai ga wani an ɗora. Bawan Allah ya yi sallama, ya gaida jama'a, ya ce albasarsa na jin ƙishi, sannan ya taya. A zatonsa kunya za ta hana kowa shiga cinikinsa.

Mujitaba, maƙwabcinsa a gona, injinsa lafiya lau, amma ya bi shi da ƙari har ya ƙwace, ya kai Tudun Wada ya ci riba. Albasar ta ƙone ƙurmus. Ranar da na ga wana yana tuge ta, da na haɗu da Mujitaba da an ji mu.

Maikano dai koyo ya shiga yi. Ya daina bayyana buƙatarsa. Ba ya tayi sai an turo bidiyon inji yana aiki, ya yanke iyakar da ba zai wuce ba, ya jira ana dab da rufewa. Haka ya tsinci inji mai kyau da araha kafin Mujitaba ya farga.

Da rani ya zagayo aka ɗora wani ƙaton inji mai sabon fenti. Maikano ya buɗa hoton, ya hango walda a ƙarƙashin fentin, mai kayan kuma ya ƙi turo bidiyo. Sai ya sake doguwar gaisuwar nan tasa, ya taya. Mujitaba ya biyo, har da sayar da nasa injin don ya cika kuɗi. Maikano ya kai shi can sama ya zame. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Tumatirin Mujitaba na fure injin ya tsage. Ya tsallako kan iyaka yana sosa ƙeya.

"Yaya Maikano, a taimaka mini da inji ko na wuni ɗaya."

Maikano bai ɗago daga kwamin albasarsa ba.

"Ka shiga zaure, Mujitaba. Ka gaida jama'a, ka ce musu tumatirinka na jin ƙishi."