Kunyar Ɗan Fari

Ɗana na fari yana da shekara goma sha huɗu na kai shi makarantar kwana a wani tsibiri na yankin Karibiyan. Shi ya nace. Yaron akwai gudu, kuma wata abokiyar aikina a asibiti, 'yar tsibirin, ta cika masa kunne cewa makarantarsu ce ke fitar da gwanayen tsere. Babansa ya yarda, ni kuwa na bi ba don raina ya so ba.

Gaskiya makarantar ba ta da makusa. An zaga da mu ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, da laburare mai kallon teku, da filin tsere mai jan daɓe. Ko ɗan ɗakin salla sun ware wa yaran Musulmi. Daga nan muka shiga ofishin shugabar makarantar, wata dattijuwa mai tabarau. Ta buɗe fayil ta ce in gaya mata abin da ɗana ya fi iyawa.

To mu a gidanmu uwa ba ta yabon ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Haka na tashi na ga uwata tana yi wa yayana a Kano, kuma kowa ya san shi ne ɗan lelenta. Sai na kau da kai na ce da Turanci, "Wannan? Malalaci ne, sai ci da barci. Ku dai matsa masa."

Da Bahaushiya ce, dariya za ta yi ta ce haba, yaron kirki. Wannan kuwa biro ta ɗauka ta rubuta. Shi kuma yana tsaye a gefena, ya zuba wa takalminsa ido. A Virginia, nan ƙasar waje da muke zaune, aka haife shi, wa ya taɓa gaya masa cewa kunya ce?

Na dawo gida Woodbridge da abin a raina. Kullum in na maƙale a cunkoson babban titi, sai in kira shi. "Lafiya lau, Mama," shi ke nan, sai ya ce ana jiransa a fili. Sakamakon jarrabawa da hoton lambar yabo duk babansa yake tura wa. Na kalli bidiyon ranar wasanninsu a wayar uban, iyaye mata na ta ihun sunayen 'ya'yansu ba ko nauyin baki. Haushinsu ya kama ni, daga baya na gane haushin kaina nake ji.

Da aka yi hutu muka je tarbarsa a filin jirgin Dulles. Na hango shi, ya ƙara tsawo, ya rame. Na daure, na kira sunansa da ƙarfi. Bai waiwaya ba. Sai da babansa ya kira sannan ya juyo.

A mota na tambaye shi ko bai ji ni ba.

Ya ce, "Na ji. Na ɗauka wata ce ke kiran ɗanta."